Digirin Digirgir a Nazarin Japan: Hanyar da Mai Nema Zai Bi Daga Lafiya

Riɗin da manoman Doma da Lafiya da Awe ke nomawa na daga cikin amfanin gonar Najeriya da ke isa kasuwannin Japan, ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen sayen riɗi daga waje. Motocin Toyota da baburan Honda da ke kai shi kasuwa kuma sunayen kamfanonin can ne suke ɗauke da su. Tsakanin 2011 da 2016 hukumar raya ƙasashe ta Japan, JICA, ta gudanar da wani shiri na inganta turara shinkafa da gyaranta da sayar da ita a jihohin Nasarawa da Neja, inda Lafiya da Bida suka zama cibiyoyin aikin. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta fara aiki a Najeriya a 1992, ita ma tana aiki da manoman jihar.

Duk da wannan cuɗanya, ilimin da ɓangarorin biyu ke da shi game da juna bai zo daidai ba. Tun a 1972 wani masanin harsuna na Tokyo, Shuji Matsushita, ya wallafa littafi kan sautukan harshen Gwandara da kalmominsa, ya bi shi da wani a 1974 mai kwatanta karin harshen na garuruwa daban-daban. Gwandara harshe ne ɗan'uwan Hausa da ake yi a Nasarawa da Babban Birnin Tarayya. Shuichi Oyama na Jami'ar Kyoto ya shafe fiye da shekaru ashirin yana bincike a ƙauyukan Hausawa na yankin Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar, kan yadda ake farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta hanyar zuba mata sharar gari. A namu ɓangaren, masanan da za su iya ɗaukar jaridar Japan ko takardar yarjejeniya su karanta a harshenta na asali ba su taka kara sun karya ba.

An ga illar wannan giɓi a watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD karo na 9 a Yokohama. JICA ta ayyana birnin Kisarazu a matsayin abokin hulɗar Najeriya a wani shirin musayar al'adu, sai labari ya bazu cewa an ware wa 'yan Najeriya biza ta musamman don zama da aiki a can. Gwamnatin Japan ta musanta, aka yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasashen biyu, kuma a watan Satumba JICA ta janye shirin baki ɗaya. Rashin fahimtar abin da kalma guda ke nufi a wajen masu ita ya taimaka wajen rushe shiri sukutum. Irin wannan giɓi ne masu digirin digirgir a nazarin Japan ke cikewa.

Mene ne nazarin Japan?

Akwai bambanci tsakanin yin karatu a Japan da yin karatu a kan Japan. Wanda ya je Jami'ar Tokyo ya yi digiri na uku a injiniyanci ko kimiyyar noma ya yi karatu a Japan, kuma sau da yawa yana iya kammalawa da Ingilishi kawai. Nazarin Japan kuwa shi ne mayar da ƙasar kanta abin bincike: tarihinta, adabinta, harshenta, addinanta, siyasarta, tattalin arzikinta da zamantakewar mutanenta. Mai yin sa ba ya rabuwa da fanninsa na asali. Masanin tarihi yana nan a masanin tarihi, masanin tattalin arziki ma haka, sai dai hujjojin da zai kafa bincikensa a kai na Japan ne, kuma yawancinsu da Japananci aka rubuta su.

Wannan na da muhimmanci ga wanda ya gama Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Ba a buƙatar digirinsa na farko ya kasance a kan Japan. Abin da ake dubawa shi ne ko fannin da ya karanta, kamar tarihi, kimiyyar siyasa, nazarin harsuna, nazarin addinai ko tattalin arzikin noma, ya haɗu da batun da yake so ya bincika.

Harshe ne ƙofa

Babu shirin digirin digirgir a wannan fanni mai daraja da zai karɓi wanda ba ya karatu da Japananci, ko kuma wanda bai nuna ya yi nisa a hanyar koyonsa ba. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta sanya Japananci a rukunin harsuna mafi wuya ga mai jin Ingilishi, tare da Larabci da Sinanci da Koriyanci, inda ta ƙiyasta sa'o'i 2,200 na zaman aji kafin mutum ya iya aiki da shi.

Wahalar tana cikin rubutu. Ana haɗa tsarin rubutu uku a jimla guda: hiragana mai alamomi 46, katakana mai alamomi 46, sai kanji, wato alamomin da aka aro daga Sinanci. Jerin kanji na amfanin yau da kullum da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 yana da alamomi 2,136, kuma yawancinsu suna da karatu fiye da ɗaya. Wanda zai yi bincike kan zamanin da ya gabaci 1868 zai ƙara da tsohon Japananci da salon rubutun hannu na da, kamar yadda mai nazarin rubuce-rubucen Sakkwato na ƙarni na 19 ba zai wadatu da Larabcin jarida ba.

A fannin furuci kuwa Bahaushe na da sa'a. Wasulan Japananci biyar ne, irin na Hausa, kuma tsawon wasali na sauya ma'ana. Kamar yadda ake rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi ta hanyar ja wasali, haka Bajapane ke rarrabe obasan, wato goggo ko inna, da obaasan, wato kaka. Suna da baƙi mai ƙarfi irin na "babba" da "sassafe", kuma hawa da saukar murya na bambanta kalmomi. Abubuwan da ke ba Turawa wahala kenan, alhali kunnen mai jin Hausa ya saba da su tun yana yaro.

Ma'aunin da jami'o'i suka sani shi ne jarrabawar JLPT, mai matakai biyar daga N5, mafi sauƙi, zuwa N1. Ana yin ta a watan Yuli da Disamba, ko da yake wasu cibiyoyin sau ɗaya suke yi a shekara. Sassan adabi da tarihi na manyan jami'o'in Japan kan nemi N1, wasu sassan zamantakewa da hulɗar ƙasa da ƙasa kuma sukan karɓi N2 ko su koyar da Ingilishi. Jami'ar Abuja, wadda ke tafiyar 'yan sa'o'i daga Lafiya ta Akwanga da Keffi, tana da cibiyar koyar da harshe da al'adun Japan. Gidauniyar Japan Foundation, wadda aka kafa a 1972, ta ɗora darussa kyauta a intanet, ciki har da Irodori da dandalin Minato. Wanda ya fara daga tushe ya yi lissafin shekaru biyu zuwa uku na karatun kullum kafin ya kai matakin da za a ɗauke shi da muhimmanci.

Inda ake yin digirin

Hanyoyin uku ne. Ta farko ita ce Japan kanta. A can digiri na biyu shekara biyu ne, na uku kuma shekara uku, kuma shekarar karatu na farawa a watan Afrilu, ko da yake jami'o'i da yawa na ɗaukar baƙi a Satumba ko Oktoba. Jami'o'in Tokyo, Kyoto, Osaka, Tohoku, Nagoya da Waseda duk suna da sassan da suka dace. Akwai kuma Cibiyar Nazarin Japan ta Ƙasa da Ƙasa da ke Kyoto, wadda ake kira Nichibunken, da aka kafa a 1987, tana kuma horar da masu digiri na uku. Baƙi da yawa sukan fara a matsayin kenkyusei, wato ɗalibin bincike da ba ya neman digiri tukuna, su yi wata shida zuwa shekara biyu ƙarƙashin wani farfesa, sannan su zauna jarrabawar shiga shirin digirin.

Hanya ta biyu ita ce Turai da Amurka. A Ingila akwai makarantar SOAS ta Landan, wadda ta daɗe tana koyar da Japananci, ta kuma koyar da Hausa shekaru masu yawa, da Cibiyar Nissan ta Jami'ar Oxford, da Jami'ar Sheffield. A Holand akwai Jami'ar Leiden, mai koyar da Japananci tun tsakiyar ƙarni na 19. Tsarin Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kuma mai nema kan zo da digiri na biyu da cikakken tsarin bincike. Na Amurka ya fi tsawo, shekara biyar zuwa bakwai, domin ana fara shi da darussa da jarrabawa kafin a shiga rubutun kundi. Manyan jami'o'in can kan rufe karɓar takardu a Disamba ko farkon Janairu, kuma wanda suka ɗauka sukan yafe masa kuɗin makaranta su ba shi alawus, sai dai guraben 'yan kaɗan ne.

Hanya ta uku tana nahiyar Afirka. Jami'ar Alƙahira ta buɗe sashen harshe da adabin Japan a 1974, kuma ga mai jin Larabci wannan ƙofa ce da ta cancanci dubawa. Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu ma ta taɓa buɗe cibiyar nazarin Japan. Haka nan mutum na iya yin rajista a sashen tarihi ko siyasa na wata jami'ar Najeriya, ya nemi tallafin Japan Foundation na masu rubuta kundi, wanda ke ba su damar zama a Japan na tsawon wata huɗu zuwa shekara guda don tattara bayanai.

Tallafin gwamnatin Japan

Ga mafi yawan masu nema daga Najeriya, babbar hanya ita ce tallafin ma'aikatar ilimi ta Japan, wanda aka sani da MEXT, da aka fara a 1954. Yana ɗauke kuɗin makaranta, yana biyan kuɗin jirgi zuwa da dawowa, yana kuma ba da alawus na wata: yen 143,000 ga ɗalibin bincike, 144,000 ga mai digiri na biyu, 145,000 ga mai digiri na uku. Idan babu tallafin, ƙa'idar kuɗin jami'o'in gwamnatin Japan ita ce yen 535,800 a shekara, ban da yen 282,000 na rajistar shiga.

Ana neman sa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce Ofishin Jakadancin Japan da ke Abuja, wanda kan fitar da sanarwa wajen watan Afrilu ko Mayu domin tafiyar shekara mai zuwa. Ana tace takardu, a yi rubutacciyar jarrabawar Ingilishi da Japananci, sannan a yi ganawar ido da ido. Wanda ya tsallake wannan mataki shi zai tuntuɓi jami'o'in Japan da kansa, ya samo takardar amincewar wucin gadi daga wadda ta yarda ta ɗauke shi, kafin ma'aikatar da ke Tokyo ta yanke hukuncin ƙarshe a farkon sabuwar shekara. Ƙofa ta biyu ita ce jami'ar Japan ta gabatar da sunan mutum kai tsaye, kuma a nan ana buƙatar maki 2.30 cikin 3.00 a ma'aunin MEXT.

Akwai sharuɗɗan da kan kayar da mutane tun kafin a karanta takardunsu. Dole mai nema ya kasance ƙasa da shekara 35, kuma sanarwar kowace shekara na faɗin ranar haihuwar da aka yanke. Fannin da zai bincika dole ya zama wanda ya karanta ko mai alaƙa da shi. Ba a karɓar sojan da ke bakin aiki. Wanda ya je a matsayin ɗalibin bincike kuma sai ya ci jarrabawar shiga ya kuma nemi a tsawaita masa tallafin, domin ba ya tsawaita da kansa. Ba a biyan ko kwabo wajen neman wannan tallafi, saboda haka duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samar da gurbi ɗan damfara ne.

Ya kamata a rarrabe MEXT da shirin ABE, wanda aka sanar a taron TICAD na 2013: shi na digiri na biyu ne da koyon aiki a kamfanonin Japan. Malaman jami'o'i da kwalejoji kuma su tuna cewa asusun TETFund ya sanar da dakatar da ɗaukar nauyin karatu a ƙasashen waje daga Janairun 2025, abin da ya ƙara wa tallafin ƙasashen da za a je daraja.

Tsarin bincike da malamin da zai duba shi

Takardar da ta fi kowace nauyi a cikin fayil ita ce tsarin bincike. Gajeriya ce, shafuka kaɗan, amma a cikinta masu tacewa ke gane wanda ya shirya. Tana buƙatar tambaya guda takamaimiya, da bayanin abin da masana suka riga suka faɗa a kanta, da hujjojin da za a yi amfani da su da inda suke, da jadawalin aiki, da dalilin da ya sa sai a Japan za a iya yin binciken. Batu irin "darussan da Najeriya za ta koya daga ci gaban Japan" ya yi faɗi ƙwarai, kuma masu tacewa sun gaji da ganin sa. Yabon ladabin mutanen Japan ko son finafinan zanensu ma ba ya maye gurbin tambayar bincike.

A nan ne ɗan Nasarawa ke da abin da wasu ba su da shi. Zai iya bin sawun riɗi daga gonar Doma zuwa masana'antar mai a Japan, ya nuna yadda dokokin Japan kan ragowar maganin ƙwari a abinci ke shafar farashin da manomi ke samu. Zai iya nazarin abin da ya saura na shirin shinkafar JICA a hannun mata masu turara shinkafa a Lafiya, yana haɗa abin da ya gani da rahotannin hukumar na Japananci. Mai nazarin harsuna na iya komawa kan aikin Matsushita na Gwandara bayan shekaru hamsin, ko ya kwatanta tsarin sautin Hausa da na Japananci. Mai nazarin addinin Musulunci na iya duba fassarar Alƙur'ani da Toshihiko Izutsu ya yi daga Larabci a ƙarshen shekarun 1950, da wadda Umar Mita ya kammala a 1972. Masanin tarihi kuma na iya tambayar yadda sarakunan gargajiya suka kasance bayan sauyin Meiji na 1868, idan aka kwatanta da sarakunan Arewa bayan 1903. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar mutumin da ke jin Hausa kuma yake karatu da Japananci, irinsu kuwa ba su da yawa a duniya.

A tsarin Japan, amincewar farfesa ita ce rabin nasara. Ana gano masana da ayyukansu ta rumbunan intanet irin su researchmap da CiNii da J-STAGE. Kafin a rubuta wa malami wasiƙa, a karanta aƙalla maƙalarsa biyu ko uku. Wasiƙar ta zama gajeriya, ta ambaci wane aikinsa ne ya haɗu da batun mai nema, a haɗa ta da tsarin binciken da taƙaitaccen tarihin karatu. Wasiƙa guda da aka aika wa malamai ashirin ba ta ɓuya, kuma ba a amsa ta. Wasu jami'o'in ba sa son a tuntuɓi malami kai tsaye, sai ta ofishin ɗalibai baƙi, don haka a duba ƙa'idar kowace jami'a. A kuma kula ko malamin na dab da ritaya, domin ba a ba wanda zai ajiye aiki cikin shekara biyu sabon ɗalibin digiri na uku. Idan an sa ganawa ta intanet, a tuna agogon Japan na gaban na Najeriya da sa'o'i takwas.

Sauran takardun sun haɗa da cikakken sakamakon jarrabawa na kowace shekara daga jami'a, shaidar digiri, wasiƙun shaida daga malaman da suka san aikin mutum da gaske, taƙaitaccen kundin digiri na biyu, takardar likita da fasfo. Fitar da sakamako daga jami'a kan ɗauki lokaci, shi ya sa ake fara nemansa watanni kafin sanarwa ta fito. Ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta ya fara maganar hutun ƙaro ilimi da wuri.

Rayuwa a can da abin da ke bayan digiri

Alawus ɗin MEXT kan ishi mutum ɗaya idan ya iya tattali, musamman a wajen Tokyo, amma ba a tsara shi don ɗaukar iyali ba. Ɗalibi na iya neman izinin yin aiki har sa'o'i 28 a mako. Musulmi za su tarar da masallatai a manyan birane, ciki har da na Kobe da aka gina a 1935 da Tokyo Camii, sai dai samun abincin halal a ƙananan garuruwa na buƙatar ƙoƙari. A fannonin adabi da zamantakewa, kammalawa cikin shekara uku ba abu ne mai sauƙi ba, domin sassa da yawa ba sa karɓar kundi sai an wallafa maƙala a mujallun da masana ke tacewa.

Akwai misalin abin da ɗan yankinmu ya cim ma. Oussouby Sacko, haifaffen Bamako a Mali, ya isa Japan a 1991, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kyoto, ya kuma shugabanci Jami'ar Kyoto Seika daga 2018 zuwa 2022, inda ya zama haifaffen Afirka na farko da ya jagoranci wata jami'a a ƙasar. Ga wanda zai dawo gida, kujerun da ke ɗauke da sunan nazarin Japan kaɗan ne a jami'o'in Najeriya, don haka ya kamata ya riƙe fanninsa na asali da kyau yadda sashen tarihi ko siyasa ko tattalin arziki zai ɗauke shi. Ma'aikatar harkokin waje, hukumomin zuba jari, kamfanonin fitar da amfanin gona da ƙungiyoyin raya ƙasa duk wurare ne da ke buƙatar mai jin harsunan biyu.

Idan aka haɗa lissafin, wanda ya fara yau daga Lafiya zai ba harshe shekara biyu ko uku, yana yin digirinsa na biyu a gida a kan batun da ya shafi Japan. A shekarar ƙarshe ya zauna JLPT, ya tattara takardu, ya gyara tsarin bincikensa da taimakon malamansa. Daga miƙa takardu a Abuja zuwa sauka a Japan akwai kusan shekara guda ko ma fiye, sai watakila wata shida na ƙarin harshe, sannan shekara uku ko fiye na digirin. Tafiya ce ta shekara bakwai zuwa takwas. Tunda ƙofar MEXT na rufewa a shekara 35, matashin da ke hidimar ƙasa yanzu ko ya gama ta kwanan nan shi ne ya fi kowa lokacin farawa, kuma alamomin hiragana 46 ba sa ɗaukar mai himma fiye da mako biyu.